Leshin allura: Sana'ar da ake shekara goma ana koyonta

A Kantin Kwari da ke Kano ko kasuwar Wuse ta Abuja, idan aka ce leshi kowa ya san abin da ake nufi: yadi biyar na ƙyalle mai huda-huda da furanni, wanda ake jerawa a akwatin lefe ko a fitar da shi ankon biki. Inji ne ke yin sa, kuma cikin ɗan lokaci yake fitar da abin da zai ishi dangin amarya da na ango. Sai dai sunan na aro ne. Abin da Turawa suka fara kira leshi, shekaru kusan 500 da suka wuce, ba shi da ƙyalle a ƙarƙashinsa ko kaɗan. Allura ɗaya ce da zare ɗaya, sai hannun da ke sarrafa su.

A Alençon, wanda ake furtawa Alanson, wani gari mai mutum kimanin 25,000 a yankin Nomandi na Faransa, har yau akwai masu sana'a 'yan kaɗan da ke wannan aiki yadda aka gada tun ƙarni na 17. Hukumar UNESCO ta sanya sana'ar tasu cikin jerin al'adun gadon bil'adama a taronta na Nairobi cikin Nuwamban 2010, kuma a bayanin da ta fitar akwai lissafi biyu masu tsayar da mai karatu. Na farko, santimita ɗaya tsawo da faɗi na leshin Alençon, wato abin da bai wuce farcen ɗan ƙaramin yatsa ba, yana cin sa'a bakwai. Na biyu, kafin mutum ya ce ya iya aikin, sai ya yi shekara bakwai zuwa goma a gaban wadda ta iya.

Lissafin farko yana da sauƙin faɗaɗawa. Gutsure mai faɗin tafin hannu, santimita 10 kowane ɓangare, zai ci sa'a 700. Wanda ke aikin sa'a takwas kullum, ba Asabar ba Lahadi, zai kusan cinye wata uku a kansa, in ma idonsa ya yarda. Lissafi na biyu kuwa shi ne mai nauyi, domin a kansa rayuwar sana'ar ta rataya.

Ɗinki a cikin iska

Mai surfani ko mai aikin babbar riga a Zariya yana da ƙyalle a hannunsa, a kansa yake ɗora ado. Mai saƙar kwarashi tana da ƙugiya. Mai leshin allura ba ta da ko ɗaya. Ita ce ke ƙirƙirar ƙyallen da adon a lokaci guda, tana rataya kowane ɗinki a jikin wanda ya gabace shi. Shi ya sa mutanen Benis, birnin nan na Italiya da aka gina a kan ruwa, inda sana'ar ta bunƙasa a ƙarni na 16, suka raɗa mata suna punto in aria, ma'ana ɗinki a cikin iska.

Kafin su kai nan, matan Italiya sun daɗe suna zare wasu zarurruka daga jikin farin ƙyalle, su cike gurbin da ado. Kullum ana ƙara cire zare, ana ƙara ado, har ƙyallen ya zama 'yan layuka kawai. Daga ƙarshe aka ga ba dalilin ɓata ƙyalle: a shimfiɗa zaren a kan zane, a yi aikin a kansa.

Abin mamakin shi ne, ɗinkin da ake yin wannan duka da shi guda ɗaya ne, kuma kowane tela ya san shi. Shi ne ɗinkin da ake bi bakin ramin maɓalli da shi don kada ya zare: a cusa allura, a bi da ita ta cikin zargen da zaren ya yi, a ja. Idan aka jera shi a matse, ya ba da fuska mai kauri kamar ƙyalle. Idan aka bar tazara, ya zama raga. A murɗa zaren sau ɗaya a jikin allura kafin a ja, raga ta canja kama. A tsallake biyu a ɗinka uku, wani ado dabam ya fito. Yarinya mai hankali za ta iya koyon ɗinkin da yamma ɗaya. To ina shekara goman ke tafiya?

Daga zane zuwa reza

A Alençon aikin matakai goma ne, kuma kowanne yana da nasa hannu. Ana farawa da zane. Daga nan sai a ɗora zanen a kan wata siririyar fata da aka jeme ta yi kamar takarda, galibi koriya domin farin zare ya fito sosai ido kuma ya huta, a bi layukan zanen da tsinin allura ana huda ƙananan ramuka a jere. Fatar ana ɗinke ta a kan ƙyalle ninki biyu. Amfanin ninkin nan ba ya bayyana sai a ƙarshe.

Sai shaci. Ana shimfiɗa zare a kan layin ramukan, wani zaren kuma yana fitowa ta cikin kowane rami ya danne shi ya koma ta inda ya fito. Wannan ne kaɗai lokacin da allura ke ratsa fatar. Daga nan har a gama, duk abin da za a ɗinka a jikin zaren shacin zai rataya, yana kwance bisa fatar ba tare da ya kama ta ba. Idan shacin ya yi sako-sako, duk aikin watanni da za a ɗora masa zai karkace, kuma ba za a gane ba sai an ɗaga.

Bayan shaci sai raga, wadda ke cike filin da ke tsakanin furanni. Ragar Alençon ƙananan idanu ne masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, kuma ana so kowane ido ya yi daidai da maƙwabcinsa tun daga wannan gefe har wancan. Nan ne mai koyo ke daɗewa. Sai cikon ganye da furanni, inda ake matse ɗinki a wani wuri a sassauta a wani, har farin zare ɗaya ya ba da haske da inuwa kamar an yi amfani da launi. Sai 'yan kwalliyar da ake sakawa a tsakiyar fure ko cikin wani gurbi, masu kama da taurari, ƙafar keke ko tsani, kowacce da sunanta da ƙa'idarta. Sai kuma tudu: a koma kan zaren shaci a lulluɓe shi da matsattsen ɗinki har gefen kowane fure ya taso. A da, masu aikin Alençon kan saka gashin wutsiyar doki a cikin wannan gefe don ya tsaya ƙyam, abin da ya sa leshinsu ya fi na sauran garuruwa ƙarfi da nauyi, har ake kiransa leshin hunturu.

Sannan a zo wurin reza. Mai aikin za ta buɗa tsakanin ninkin ƙyallen nan biyu, ta bi da reza tana yanke zarurrukan da suka danne shacin. Da an yanke su, leshin ya rabu da fatar, ya tashi shi kaɗai a hannu, fatar kuma ta koma jiran wani aikin. Da matsefata ake tsince guntayen zaren da suka maƙale, ɗaya bayan ɗaya. Daga nan a goge wuraren cikon don su kwanta su yi sheƙi, ba da dutsen guga ba, da santsin ɗan yatsan wata halittar teku dangin ƙaguwa. Kuma da yake ba a yin babban leshi a dunƙule, sai gutsure-gutsure, akwai aikin haɗa su da wani ɗinki da ke bin idanun raga har ido ya kasa gano inda aka haɗa.

Abin da littafi ba ya iya faɗa

Littattafan leshi sun daɗe. A Benis, Cesare Vecellio ya buga littafin zane-zanen leshi a 1591, kuma ba shi ne na farko ba. A 1886 Thérèse de Dillmont ta fitar da babban kundinta na aikin allura, wanda aka fassara zuwa harsuna da dama, yana nuna ɗinki bayan ɗinki da hotuna. Yau ga intanet, inda ake ganin hannun mai aiki a bidiyo, a tsayar, a maimaita. Wanda ke son gwadawa a gida ba ya bukatar fata ko siririn zare. Ya zana ganye ɗaya a takarda, ya rufe ta da leda mai mannewa, ya ɗinke ta a kan ƙyalle ninki biyu ko uku, ya sami zaren auduga mai ɗan kauri, mai launi ma ya fi don ya riƙa ganin kuskurensa. Allura biyu yake bukata: mai tsini don shaci, mai dakusasshen baki don ciko, saboda kada ta tsaga zaren da aka riga aka ɗinka. Cikin mako ɗaya zai iya ɗaga ganyensa na farko.

Ganyen nan zai gaya masa gaskiya. Layin farko mai ɗinki goma sha biyu ya koma goma a layi na biyar, domin an manta na bakin gefe. Tsakiya ta tsuke, gefe ya saki. Inda aka fara da safe idanun raga manya ne, inda aka ƙarasa da yamma cikin gajiya sun ƙanƙance. Farin zaren ya yi dusu-dusu da gumin hannu, ga shi leshin kirki ba a son ya bukaci wanki kafin ya bar hannun mai yin sa. Zaren ya warware murɗinsa saboda an yanko shi da tsawo. A wani wuri ya ƙare a tsakiyar layi an ƙulla, alhali ƙa'idar ita ce ba ƙulli: sabon zare a jikin shaci ake shigar da shi, a ɓoye wutsiyarsa a ƙarƙashin tudu.

Duk waɗannan ana iya rubuta su, ga shi ma an rubuta. Abin da ya gagari alƙalami shi ne jan zare. Ƙarfin da za a ja kowane ɗinki da shi, yadda babban yatsan hagu ke danne zarge har allura ta wuce, inda ake tsayawa kafin zaren ya tsinke ko ragar ta tattare, ba su da ma'auni a rubuce. Kuma zaren da ake aiki da shi a Alençon siriri ne ƙwarai, a da na lilin, yanzu na auduga mai laushi, wanda ɗan ƙarin ja kaɗan ke tsinka shi. Malama kan kalli hannun ɗalibarta ta gane tana riƙe da numfashi. Takan ce a warware aikin kwana uku saboda idanu huɗu da suka fi 'yan uwansu girma, idanun da ɗalibar ba ta ma gani ba tukuna. Rabin karatun ke nan: kafin hannu ya gyaru, sai ido ya koyi ganin aibin. Shi ya sa bayanin UNESCO ya jaddada cewa ilimin baki da baki yake tafiya, hannu da hannu, tsakanin gwana da mai koyo.

Hannu da yawa

A zamanin da sana'ar ke tashe, ba kowace mai leshi ce ke shekara goma tana koyo ba, domin ba a bukatar ta san komai. Yadda aka kai ga haka yana da alaƙa da kuɗi da siyasa.

A tsakiyar ƙarni na 17 fadawan Faransa, maza da mata, sun haukace a kan leshin Benis. A wuya ake sa shi, a hannun riga, har a bakin takalmi, kuma dukiya mai yawa na fita ƙasar saboda shi. An kafa dokokin hana shigo da shi, ba su hana komai ba. Mai karatu a Najeriya, inda aka shekara da shekaru ana haramta shigo da yadi yana kuma shigowa ta Kwatano, ba ya bukatar a yi masa bayani. Jean-Baptiste Colbert, ministan kuɗin Sarki Luwi na 14, ya ga cewa maganin shi ne a yi leshin a gida. A 1665 ya kafa kamfanin sarauta mai izinin shekara goma, da rassa a garuruwa da dama ciki har da Alençon, ya kuma sa aka lallaɓo gwanaye daga Benis don su koyar. Hukumomin Benis sun ɗauki abin a matsayin cin amanar ƙasa, har da barazanar ɗaure dangin duk wadda ta ƙi komawa gida. Abin da suke tsoron ya fita ba zane ba ne, tunda zanen yana cikin littattafan da su da kansu suka buga suka sayar wa duniya. Hannuwan suke tsoron rasawa.

Ba a banza aka zaɓi Alençon ba. Tun kafin zuwan Colbert wata mata mai suna Marthe La Perrière ta riga ta kwaikwayi leshin Benis a garin, ta koya wa mata da yawa, kuma ita ake dangantawa da tsarin rarraba aikin mataki-mataki. Matan garin ma ba su karɓi kamfanin sarki da hannu biyu ba, don sun ga zai raba su da cin gashin kansu, har sai da aka yi bore. Bayan izinin kamfanin ya ƙare a 1675, garin ya ci gaba da kansa, ya sauya salon Benis mai nauyi zuwa siririyar ragar da aka san shi da ita.

Tsarin rarrabawar ya yi aiki. Wata shaci kawai take yi, wata raga, wata ciko, wata tudu, kowacce a ɗakinta, a gari ko a ƙauyukan kewaye, ɗan kasuwa na karɓa daga wannan ya miƙa wa waccan. Gutsure ɗaya kan ratsa hannu fiye da goma kafin ya kammala. Yarinya takan fara tun tana ƙarama, ta ƙware a abu ɗaya cikin 'yan shekaru, ta yi ta yin sa har idonta ya gaza. Dubban mata suka ci abinci da wannan. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya, in ji Bahaushe, kuma ga ɗan kasuwa akwai ƙarin riba: macen da raga kaɗai ta sani ba za ta iya buɗe nata shagon ba, ba kuma za ta iya ɗaukar sirrin sana'ar ta kai wani gari ba.

Illar tsarin ba ta fito ba sai da kasuwa ta faɗi. Juyin juya halin Faransa na 1789 ya watsa fadawan da ke saye. Sana'ar ta sake ɗagowa a ƙarni na 19, har aka yi wa leshin Alençon kirarin sarauniyar leshi a babban baje kolin Landan na 1851, amma a lokacin inji ya riga ya shigo. John Heathcoat ya ƙera injin saƙa raga a Ingila a 1809, John Levers ya inganta shi a Nottingham a 1813, sannan a 1863 Isaak Gröbli na Suwizalan ya fito da injin surfani mai allurai masu yawa. Zuriyar wannan injin na ƙarshe ce ke yin abin da ake kira leshi a Najeriya. Tun shekarun 1960 masana'antun garin Lustenau na Ostiriya ke yin kaya musamman don kasuwar Legas, dangantakar da har aka shirya mata baje koli a gidan tarihi na Biyana a 2010, tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya. Da mai saye ya samu abin da ya yi kama da leshi a farashin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, sai 'yan mata suka daina zama koyo. A sana'ar da aka rarraba wa hannu goma kuwa, ba sai duka goman sun tafi ba. Mai haɗa gutsure kaɗai ta mutu ba magajiya, sauran tara sun zama masu tara guntaye.

Tsohuwa ɗaya a Burano

Yadda abin kan kusan ƙarewa ya faru a fili a Burano, wani ɗan tsibirin masunta kusa da Benis. A hunturun 1872 sanyi ya yi tsanani har ruwan da ke kewaye da tsibirin ya daskare, kamun kifi ya tsaya, yunwa ta shiga gidaje. Masu neman hanyar taimako, ciki har da ɗan majalisa Paulo Fambri da wata mai sarauta, Andriana Marcello, suka tuna cewa tsibirin ya taɓa yin suna a leshi. Da aka bincika, sai aka tarar wata tsohuwa ce, Vincenza Memo, wadda aka fi sani da Cencia Scarpariola, ta rage da sanin ɗinkin Burano na asali. Tsufa ya hana ta tsayawa gaban aji. Sai wata malamar makarantar 'yan mata, Anna Bellorio d'Este, ta riƙa zama kusa da ita tana kallon hannunta, abin da ta ɗauka ta je ta koya wa 'yan mata kaɗan. Daga nan makarantar leshi ta Burano ta tashi, ta ɗauki ɗaruruwan mata aiki a shekarun da suka biyo baya.

Da sanyin nan ya jinkirta shekara goma, da wuya a tarar da tsohuwar. Tsofaffin leshin suna nan a coci-coci da akwatunan masu kuɗi, amma karanta ɗinki daga jikin leshi ba ƙaramin aiki ba ne. An taɓa yi: a garin Youghal na ƙasar Ailan, lokacin babbar yunwar tsakiyar ƙarni na 19, wata mai hidimar coci, Mary Ann Smith, ta warware wani tsohon leshin Italiya zare bayan zare har ta gano yadda aka yi shi, ta koya wa yaran garin. Sai dai abin da ya fito daga hannunsu leshin Youghal ne, mai kyau da kamanninsa, ba na Italiya ba.

Makarantar Burano ta rufe a 1970. Gininta ya zama gidan tarihin leshi a 1981. Tsibirin cike yake da masu yawon buɗe ido, shaguna cike da fararen kaya, amma mafi yawan masu arahar aikin inji ne da aka shigo da shi daga waje, kuma matan da suka iya na gaske galibinsu sun manyanta.

Kowacce ta san duka

Faransa ta bi wata hanyar. A 1976 gwamnati ta kafa ɗakin aiki na ƙasa a Alençon, tare da takwaransa a Le Puy-en-Velay mai kula da leshin da ake saƙawa da 'yan sanduna, ta sa su ƙarƙashin hukumar Mobilier national, wadda ke kula da kayan ɗakin fadojin gwamnati. Masu aikin ma'aikatan gwamnati ne, albashinsu bai dogara da ciniki ba. Suna adana tsofaffin ɗinki, suna yin sababbin ayyuka, wasu da zanen masu fasaha na wannan zamani, kuma a gidan tarihin garin baƙo na iya ganin manyan ayyukan da aka yi a da.

Babban sauyin da aka yi shi ne rushe tsarin La Perrière. Yanzu kowace mai leshi a Alençon dole ta iya matakan goma, daga zane har guga. Ta fuskar kasuwa wannan koma baya ne, domin mai yin abu goma ba za ta yi saurin mai yin abu ɗaya ba. Amma a ɗakin da ake ƙirga ma'aikatansa da yatsun hannu, ba a isa a bar wani mataki a hannun mutum ɗaya ba. Daga nan shekara bakwai zuwa goman ta samo asali: abin da a da aka raba wa mata goma, kowacce da 'yan shekarunta na koyo, yanzu kai ɗaya ake ɗora wa.

Akwai masu ganin cewa sana'ar da gwamnati ke riƙe wa numfashi ta riga ta zama kayan gidan tarihi, kuma maganarsu ba ta rasa tushe ba. Idan aka dubi Turkiyya, leshin allura da ake kira oya yana raye ba tare da albashin kowa ba. Mata na yin sa da zaren siliki a bakin ɗankwali, ƙananan furanni da ganye masu tsayuwa da kansu, ba fata ba zane, a hannu kawai. Yana shiga kayan auren 'ya mace, ana sayar da shi a kasuwa, har ana cewa amaryar da ba ta jin daɗin gidan miji takan ɗaura ɗankwali mai adon barkono don dangi su gane. Yarinya na koyonsa a gefen kakarta domin tana da abin da za ta yi da shi gobe. A tsibirin Pag na Kuroshiya ma, wanda leshinsa ya shiga jerin UNESCO a 2009, mata ne a gidajensu suka riƙe shi.

Sai dai kwatancen bai zauna daidai ba. Oya ado ne na bakin ƙyalle, ana iya gama na ɗankwali ɗaya cikin kwanaki ko makonni, farashinsa kuma bai fi ƙarfin maƙwabciya ba. Leshin da ke cin sa'a bakwai a kan faɗin farce bai taɓa zama kayan talaka ba; tun farkonsa sarakuna da fadawa ne suka ɗauki nauyinsa, kuma da suka kau, ko dai gwamnati ta gaje su ko a rage ingancin aikin har ya daina zama na Alençon. Faransa ta zaɓi ta biya.

Biyan kuɗin ma bai warware lissafin shekaru ba. Yarinyar da ta shiga ɗakin aikin tana da shekara 20 za ta doshi 30 kafin a sakar mata aiki tun daga zane har reza, kuma sai ta ƙara wasu shekarun kafin ta iya ganin kuskure a hannun wata. Wadda za ta koya mata kuwa dole a haɗa su tun da sauran aƙalla shekara goma kafin ta yi ritaya, tun idonta na rarrabe idanun raga. Idan aka yi jinkirin ɗaukar sababbin ɗalibai na 'yan shekaru kaɗan, saboda kasafin kuɗi ko rashin masu nema, giɓin ba zai bayyana a shekarar ba. Sai bayan shekara goma ko sha biyar za a gan shi, ranar da aka zo haɗa gutsure biyu aka duba ɗakin aka rasa wadda za ta nuna yadda ake ɓoye haɗin.